Saƙon Yaya Ayouba Ya Daina Zuwa

Na haihu, jama'a! Namiji ne, kilo uku da rabi, ga gashi cunkus a kai kamar an dasa masa. Yau kwanansa goma sha biyu a duniya. Ungozoma ta ce rabon da ta ga jariri mai ƙarfin murya irin tasa an daɗe. Hancin ubansa ne, amma yatsun nawa ne, kowa ya faɗa. Sunan da aka raɗa masa kuwa, sai na fara ba ku labarin akwatin imel na gidanmu, don daga can sunan ya fito.

Ni ce Nafisat. Gidanmu a Zongo yake, bayan layin mahauta, in kun wuce ƙaramin masallaci mai koren ƙyaure. Mu huɗu ne a gidan kafin wannan baƙon ya zo: Inna Ajaratu uwar mijina, da mijina Abdel mai gyaran baburan 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, da ni, sai Yaya Djamila, matar wan mijina.

Wan mijin nawa shi ne Yaya Ayouba. Ni ban taɓa ganinsa ba sai a hoto, don shekararsa biyu da ɓata aka kawo ni gidan. Direban titan ne, manyan motocin nan da ke ɗaukar kaya daga por, tashar jiragen ruwa, su kai Yamai. Shekara huɗu ke nan ya tashi da lodin shinkafa, ya wuce Cinkassé can kan iyaka, mutanen daji suka tare shi a hanya. An ga motar a ƙone. Wani direba, Mahamadou, ya zo har gida ya ce da idonsa ya ga kan motar, ba abin da ya rage sai ƙarfe. Amma gawa ba a gani ba. Shi ke nan, ba a yi masa salla ba, ba a yi zaman makoki ba.

Akwatin imel ɗin shi ya buɗe wa gida, saboda takardun por da na mota. Yana cikin wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da ke zama a ɗakin Inna, cikin kwanon samira, a nannaɗe da ɗankwali. Kowa a gidan da shi yake amfani. To bayan ɓatansa da wata biyar, sai ga saƙo ya shigo akwatin da sunansa. Daga nan kusan duk mako sai ɗaya ya zo, wani lokacin biyu.

Inna ba ta karatun boko. Amma ta haddace kamannin sunan: harafin farko mai kama da rumfa, na biyun mai wutsiya. Kuma kun san ɗan fari ne, bakinta bai taɓa furta sunansa ba tun da ta haife shi. Sai dai ta ce "Mai mota". To abin da baki ba ya iya faɗa, ido yana iya kallo. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta wanke hannu, ta kwance ɗankwalin. Ta riƙa jan gilashin da babban yatsa a hankali har ta kai kan sunan. Sai ta shafa shi. Sannan ta ce, "Djamila, zo ki karanta min."

Juma'ar farko da na yi a gidan, na zauna kusa ina tsince shinkafa. Yaya Djamila ta karɓi waya, ta gyara murya ta ce, "Ya ce, Inna ina gaishe ki. Ina nan lafiya. Inda nake ba a barin mutum ya kira waya. Ki ci gaba da yi min addu'a."

Inna ta ce, "Allah ya tsare. Bai ce yaushe ba?"

"Bai ce ba, Inna."

Ni kuwa na leƙa ta kafaɗarta. A aji shida na bar lekol, amma ina iya haɗa baƙi. Me zan gani? Hoton wata baturiya ta ja ƙugun wando gaba tana dariya, ga kwalin shayi a gefe, wai shayin rage ƙiba. Wallahi saura kaɗan in yi magana. Yaya Djamila ta taka min ƙafa.

A bakin famfo na tare ta. Na ce, "Yaya, ai wancan talla ne."

Ta ce, "Na sani."

"To me ya sa?"

Ta ajiye bokiti. Ta ce, "Ranar da saƙon farko ya zo, Inna kwananta tara ba ta haɗiyi komai ba sai ruwa. Ta ga sunan ta hau rawar jiki. Ta ce in karanta. Ke da me za ki karanta mata? Agogon hannu, saya biyu a ba ka ɗaya?" Ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce, "Ɓarayin intanet ne suka samu adireshinsa, na'ura ce take aikowa, ba mutum ba. Na ce sau ɗaya zan yi, ta samu ta ci abinci. Ga shi nan har yau ina yi."

Abin da ban sani ba a lokacin, ashe da bakinta ta ɗaure kanta. Mahaifinta ya taso daga Bè-Kpota sau biyu, ya samu Malam Iddi limamin layinmu, ya ce a duba lamarin 'yarsa: ba ta da miji, ba bazawara ba ce, ba ta da ɗa, shekaru suna tafiya. Malam Iddi ya kira Inna. Inna ta ce ta rantse ɗanta yana rubuto mata duk mako, ga mai karantawa nan ma a tambaye ta. Aka juya ga Yaya Djamila. Ta kalli Inna, ta kalli ƙasa, ta ce, "Saƙo yana zuwa." Malam ya ce to mutumin da ake samun wasiƙarsa ba za a ce ya ɓata ba. Magana ta mutu. Shekararta talatin da ɗaya yanzu. Tana soya wagashi, cukun Fulani, a bakin titi, tana dawowa ta kwana ita kaɗai a ɗakin da takalmansa suke jere.

Abdel ma ya sani. Duk layin sun sani, in ban da Inna. In Juma'a ta yi, shi sai ya ce yana da aiki a gareji.

To ni fa ba don wannan na taɓa akwatin ba, Allah ya gani. Cikina yana wata bakwai aka yi min hoton ciki a wata kilinik a Nyékonakpoè. Suka ce za su aiko sakamako da ranar dawowa ta imel. Na jira, na jira. Na buɗe akwatin, kai! Saƙo dubu huɗu da wani abu ba a buɗe ba. Wannan ya ce na ci mota. Wancan ya ce matar wani janar ce za ta mutu tana neman mai gado. Ga masu maganin sanƙo, ga masu biza ta Kanada, ga hotunan da ba zan iya faɗa ba, a wayar da Inna take wanke hannu kafin ta taɓa! Na nema har idona ya yi ja, ban ga na kilinik ba. Ranar da na koma, ungozoma ta wanke ni tas a gaban mata, wai ranar zuwana ta wuce da kwana shida, jinina ya yi ƙasa, da tuni na fara shan magani.

Na fito ina hawaye. Kusa da kilinik ɗin akwai siber, inda ake buga takardu. Mai wurin wata 'yar ƙabilar Mina ce, Da Akossiwa, Da ɗin kamar Yaya ne a bakinsu, ƙatuwa, mai tabarau a kan hanci. Ta ji Hausa ƙwarai don ta yi zama a Zongo. Ta ce, "Amarya, wa ya mutu?"

Na miƙa mata wayar, don na taho da ita. Ta duba ta ce, "Yesu! Wannan akwati ne ko bolar Zongo?"

Na ce, "Da, kar ki zagi unguwarmu."

Ta ce, "Zauna. Kina dama koko?"

"Kullum."

"To da me kike raba dusa da gasara?"

"Rariya."

Ta ce, "Shi ma akwatin yana da rariya, ba ku sa masa ba ne. Sunan wannan sharar sipam. Kawo yatsanki, ni ba zan yi miki ba, ke za ki yi."

Haka ta koya min, ɗaya bayan ɗaya. Ki danna saƙon ki riƙe har ya yi duhu, ki zaɓi 'yan uwansa, ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, ki ce sipam ne. Daga ranar duk abin da wannan adireshin ya aiko, ba zai shigo falo ba, bayan gida zai wuce. Ta nuna min inda ake rubuta kalmomi, muka sa irin su "kin ci kyauta" da "gado" da "rangwame" da Faransanci, duk saƙon da ya zo da su ya bi ta can. Ta sa na rubuta adireshin kilinik cikin mutanen da muka sani, don kar rariya ta riƙe nasu. Ta ce kar in taɓa danna shuɗin rubutu a cikin saƙon da ban san mai shi ba, ko da sunan uwata ya zo. Ta nuna min ɗakin da sharar take taruwa, can ƙasa, sai an ja gefe ake ganinsa. Ta ce, "Duk wanda ya kwana talatin a nan, da kansa yake gogewa. Ba sai kin ɗauki tsintsiya ba."

Jama'a, daɗin da na ji! Ni da malamin lissafi ya ce kaina kamar kabewa. Na zauna a bencin siber ɗin ina zaɓa ina jefawa, hamsin hamsin, ɗari ɗari. Ba na ma karanta sunaye, da na ga hoton talla sai in haɗa. Kafin la'asar akwatin ya koma saƙo goma sha tara. Ga na kilinik nan a sama yana kallona. A kan zemijan ina dawowa ina ta murmushi ni kaɗai, har mai babur ya ce ko biza na samu.

Na nuna wa Abdel, ya ce, "A'a, ashe injiniya na aura." Na nuna wa matar maƙwabcinmu, ita ma na gyara mata nata. Na mayar da wayar cikin kwanon samira.

Juma'a ta zo. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta wanke hannu. Ta ja gilashin sau ɗaya, sai ga ƙarshe. Ta sake ja. Ta ce, "Yau kuma an yi shara."

Na ce, "Ni ce, Inna! Na kori 'yan talla duka."

Ta ce, "Allah ya yi albarka. Mai mota bai rubuto ba wannan makon." Ta nannaɗe wayar. Ko a jikina, don an saba wani makon yana tsallakewa.

Juma'a ta biyu, shiru. Inna ta ce wa Abdel ya sa wa wayar kati, ƙila koneksiyon, wato data, ne ya ƙare. Ya sa. Ta ɗauki wayar ta fita ƙofar gida ta ɗaga ta sama, yadda take ganin samari suna yi. Ta daɗe a tsaye da hannu a sama, mahauta suna wucewa da baro suna gaishe ta, ba ta amsawa. Ranar ba ta taɓa tuwo ba.

Daga nan ba ta jiran Juma'a. Da safe ta duba, da azahar ta duba. Tiren goron da take kasawa a ƙofar gida ta daina fitar da shi. Koko in na kai mata, sai ta kurɓa sau biyu ta ture. Zanen da take ɗaurawa ya fara zagaye ta har ya yi saura.

Sai a mako na uku abin ya faɗo min. Ina kwance ne da rana ƙafafuna sun kumbura. Na je na ce wa Inna zan duba saƙon kilinik. Na koma ɗaki, na ja gefe, na sauka can ƙasa, na buɗe ɗakin shara. Ga su nan. Rumfa da wutsiya, rumfa da wutsiya, guda huɗu sababbi, da tsofaffin duka a ƙarƙashinsu. Ashe cikin ɗari ɗarin da nake jefawa na haɗa da shi.

Da cikin nawa na ruga bayan gida. Yaya Djamila tana yanka wagashi a faranti. Na ce, "Yaya, na yi ɓarna! Ni ce. Bai daina ba, ga su nan, rariyar ce ta riƙe su. Dannawa ɗaya ne su dawo."

Ta goge hannu a zane, ta karɓa. Ta buɗe su ɗaya ɗaya. Na farko takalma. Na biyu maganin ƙarfin maza. Na uku shayin nan. Na huɗu wai a danna a ga hotuna. Ta miƙo min.

Ta ce, "Bar su a can."

Na ce, "Inna fa? Ba ta cin abinci."

"Na gani. Ni nake wanke kwanonta."

"To in ta mutu?"

Ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da yanka. Ta ce, "Nafi, ke shekararki biyu a gidan nan, ga ciki har ya tsufa. Ni shekarata tara. Biyar da miji, huɗu da shayin rage ƙiba. Ban ce ki yi komai ba. Na ce kar ki yi komai." Yankan duk ya karkace. Ta ce, "Ni ba zan iya ce mata ƙarya nake yi ba. Na gwada, bakina ya ƙi. Allah ya kawo ki da yatsanki. In kin dawo da su, ranar Juma'a zan zauna in karanta, kamar kullum. Zan yi ta yi har ɗayanmu ta mutu, ni ko ita."

Na samu Abdel a gareji, yana kwance ƙarƙashin wani babur. Na gaya masa komai. Bai ɗago ba. Ya ce, "Miƙo min sifana goma." Na miƙa. Na ce, "Me zan yi?" Ya ce, "Ni ban san kan waya ba, ku kuka sani." Na ce, "Uwarka ce fa, kuma wanka ne." Sai ya ɗago, fuskarsa duk baƙin mai, idonsa ja. Ya ce, "Ni na je na ga motar, Nafi. Ba Mahamadou kaɗai ba. Na je na gani, na dawo na ce wa Inna ban samu hanya ba." Ya koma ƙarƙashin babur.

To kun ji. Kowa ya ɗora min, ni ƙaramar gida.

Sau nawa na ɗora yatsa a kan wurin da aka rubuta "ba sipam ba ne"? Ban ƙirga ba. Wata rana Inna ta kira ni in matsa mata ƙafa. Ƙaurinta ya koma kamar muciya. Wayar tana kan cinyarta. Wani titan ya yi hon a babban titi, sai na ji ƙafar ta ƙage a hannuna, har sai da ƙarar ta yi nisa sannan ta saki. Na ce a raina yau zan dawo da su. Na fito da wayar tsakar gida, sai na hangi Yaya Djamila ta fito da takalman nan tana kaɗe musu ƙura, tana jera su a rana kamar yadda Inna ta sa ta yi duk wata. Na koma na sa wayar a kwano.

Kwana talatin suka cika, tsofaffin suka goge kansu, na shekara huɗu, rana ɗaya. Na buɗe na ga wayam, sai sababbin kawai. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar Litinin naƙuda ta kama ni ina tsakiyar tace gasara. Yaya Djamila ce ta tare zemijan biyu, ita ce ta riƙe hannuna har ya faɗo, ita ta fara ganinsa kafin ni. Ta ce, "Namiji ne, Nafi, ga baki kamar na ubansa." Muka yi dariya muka yi kuka. Kai, ranar nan! Abdel ya zo da kayan aikinsa a jiki aka hana shi shiga. Da muka dawo gida matan layi suka cika tsakar gida, har Da Akossiwa ta aiko min da sabulu da hoda.

Ana gobe suna, da hantsi, na gama wankan jego ina zaune a bakin gado, Inna ta shigo tana dafa bango. Ta ce, "Ba ni shi." Na ɗora mata. Sai da na tallafa mata gwiwar hannu, don ba ta da ƙarfi. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "'Yar nan, sharar da kika yi, ina take zuwa?"

Na ce, "Akwai wani ɗaki a ciki, Inna."

"Yana can?"

Nono yana zuba a rigata, na kasa motsi. Na ce, "Sunansa yana can. Amma Inna, wallahi ba shi ba ne. Talla ne. In kina so yanzun nan in dawo da su."

Ta ce, "Na ga baturiyar ai. Ina da ido. Kina tsammani ban san hoton wando ba?"

Na ce, "Inna!"

Ta ce, "Tun yana yaro bai taɓa ce min Inna ba. Tsohuwa yake ce min. Ya shigo daga tafiya yana ihu tun daga ƙofa, Tsohuwa, me kika dafa? Ranar farko da yarinyar nan ta ce, Inna ina gaishe ki, na san ba bakinsa ba ne." Ta gyara wa jaririn hula. Ta ce, "Ni sunan nake so in gani. In na gan shi ya zo sabo, sai in ce ko mako ɗaya ne a ƙara min. Na san abin da nake yi wa 'yar mutane. Ina gani tana tsufa a gabana. Na rantse a gaban liman, Allah ya yafe min. Na kasa sakinta, don in na sake ta, na sake shi."

Na ce, "To in dawo da su?"

Ta ce, "Wane suna ubansa ya zaɓa?"

"Ya ce Karim."

Ta ce, "Kira min shi."

Abdel ya shigo ya durƙusa. Yaya Djamila tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Inna ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa. Ta ce, "Ayouba." Muryar ta fito a shaƙe kamar ƙyauren da ya daɗe ba a buɗe ba. Shekara talatin da takwas ba ta faɗe shi ba. Ta ce, "A sa masa Ayouba. Kuma ka gaya wa Malam Iddi, in an gama raɗin suna kar mutane su tashi. A yi wa mai sunan addu'a. Ka ce ni na ce."

Abdel ya kifa kai a gefen gado. Tsintsiyar ta faɗi daga hannun Yaya Djamila.

Sunan ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba. Rago fari, mahautan layinmu suka gyara shi kafin rana ta yi zafi. An yi waina, an yi wake da shinkafa, na sa leshina mai ruwan goro, kowa ya ce ban yi kama da mai jego ba. Da Malam Iddi ya faɗi sunan, maroƙi ya buɗe baki zai yi shela, sai ya ji tsakar gida ta yi tsit, shi ma ya yi shiru. Aka shafa fatiha ta farko ta yaro. Aka shafa ta biyu. Mata ba su san ko su yi guɗa ba. Wata ta fara, ta tsaya a tsakiya.

Washegari dattawa suka zauna, da mahaifin Yaya Djamila, da Mahamadou direba. Abdel ya faɗi abin da ya gani a bayan Cinkassé, a gaban uwarsa. Aka ce Yaya Djamila ta shiga takaba.

Ni na ɗauka za ta yi murna. Abin da take nema ke nan shekara huɗu. Sai ta shiga ɗaki ta cire 'yan kunne, ta tattara takalman nan a buhu, ta zauna a kan buhun ta fasa wani irin kuka da ban taɓa jin mutum ya yi ba. Har layin mahauta ana ji. Na shiga da jariri na ce, "Yaya, ai kin huta." Ta ce, "Fita, Nafi." Na fita. Ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba. Jiya dai ta karɓe shi ta yi masa wanka.

Wayar yanzu a hannuna take. Inna ta ba ni da ɗankwalin duka, ta ce kwanon samirar a zuba goro. Akwatin tsaf yake, in kilinik suka aiko ranar allura, nan take nake gani. Matan layi uku sun zo na sa musu rariya a nasu. Ɗakin sharar na leƙa shi da safen nan. Akwai guda biyar da sunan. Ɗaya sabo ne, na shekaranjiya, katifa ake sayarwa.

Inna har yanzu ba ta cin abin kirki. Cokali uku, huɗu. Amma sunan, kamar an ɓalle famfo. Ayouba ya tashi? Ayouba ya sha? Ku rufe wa Ayouba kai. Tana faɗa, ana jin motsi a bayan labulen Yaya Djamila.

Yau Juma'a. Da aka sauko daga masallaci na ga ta jawo tabarma ƙofar ɗaki, ta wanke hannu, ta zauna. Ta miƙo hannu ba ta kalle ni ba. Na tsaya, waya a hannun hagu, yaro a kafaɗa. Na ɗora mata yaron.

Ta kwantar da shi a cinya. Ta sa babban yatsa a goshinsa, tana ja a hankali daga sama zuwa ƙasa, tana sake ja.